Koren Kabad ɗin Inna Larai

A Ruwan Godiya kowa ya san man gyaɗar Inna Larai. Tun tana da goyon fari take suyar ƙuli-ƙuli a wata rumfar kara, kuma da wannan sana'ar ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, har ɗiyarta Amatullah ta zama ma'aikaciyar jinya a Funtuwa. Bara Amatullah ta gina mata kicin na bulo, ta ɗauko Rabo kafinta daga Faskari ya haɗa kabad.

Rabo ya durƙusa ya gaishe ta, ya baje guntayen katako masu launi iri-iri, ya ce ta zaɓa. Larai ba ta taɓa zaɓen komai ba banda zane, don haka ta ɗauki abin da girma. Ta kai su rana ta duba, ta shafa, ta ajiye masu santsi gefe. Ta tsaya kan kore mai duhu, irin na ganyen dawa a tsakiyar damina, marar ƙyalli.

Ana cikin aikin ta tafi suna Daudawa. Da ta dawo, sai ta tarar da kabad fari fat, yana sheƙi kamar tangaran.

"Rabo, wannan na nuna maka?"

"Inna, Anti Amatullah ce ta turo hoto a waya. Ta ce shi ake yayi."

"To me ya sa ka tambaye ni?"

Abin da ya ci mata rai ke nan. Da ba a tambaye ta ba, da ta sa albarka ta yi shiru. Amma a zaunar da ita, maƙwabta na kallo tana juya katako, ashe an riga an gama magana a waya. Ta kira Amatullah. Ita kuwa dariya ta yi, ta ce kore ai na ƙofar shago ne.

Ran kasuwa Larai ta sayo gwangwanin koren fenti da buroshi, ta shafe kabad ɗin da hannunta. Aikin bai yi kyau ba. Fentin ya ƙi kama santsin, ya zubo layi-layi, murfi biyu suka manne.

Rabo ya zo ya gani, ya riƙe baki. Ta ce kada ya ce mata komai, ya kankare ya yi abin da ta faɗa tun farko. Ya goge sheƙin da samfefa, ya sake shafawa, tana zaune bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa, idonta a kansa.

Da Amatullah ta zo hutun sallah, ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce ɗakin ya yi duhu. Larai ta ce, "To buɗe taga, sannan ki miƙo mini murfin tukunya."