Wa Ke Tura Wa a Hanyar Dokkum

A garinmu, nan arewacin Holan inda dogaye suka yi yawa, mutum ɗaya ake kira Dogo, shi ne Douwe. Mita biyu har da ɗoriya. Shekara arba'in ya yi yana raba wasiƙu a kan keke, ko ana ruwa ko ana iska, kuma tun da ya ajiye aiki bai bar kowa ya manta ba. Da kekuna masu batir suka shigo gari, shi ya raɗa musu suna keken malalata. In ya hango tsoho a kan irinsu sai ya ɗaga murya, "Sannu da hutawa!"

Kowace Lahadi shi da matarsa Aukje sukan bi ta kan ganuwar da ta tare teku zuwa Dokkum, gidan ƙanwarta, su sha kofi su juyo. A dawowa iska ce a gabansu, kuma iskar nan ba ta da mutunci ko kaɗan. Nan Douwe yake miƙa hannu ya dafa bayan Aukje yana tura ta, kamar yadda mazan nan suke yi wa matansu. Shekara arba'in da takwas hannun nan bai yi fashi ba. Douwe bai iya daɗin baki ba, duk abin da zai gaya mata da hannun yake faɗa.

Sai gwiwoyi suka ci amanarsa. Wata Lahadi sau uku yana tsayawa a hanya, wai yana duba shanun wani. Da suka isa gida Aukje ta ce, "Dogo, mako mai zuwa mu hau bas mana."

Bas! A cikin bas wa zai tura?

Ranar Litinin ya shiga shagon Hidde mai gyaran keke ta ƙofar baya, ya sunkuya kamar kullum don kada ya fasa goshi.

"Wani abokina ne yake neman keke," in ji shi. "Na hannu. Irin mai batir ɗin nan."

Hidde ya ajiye sifana. "Me kunnena ya ji? Abokin nan tsawonsa nawa?"

"Kamar ni."

"Dogo, duk lardin nan mai tsawonka sai hasumiyar coci, ita kuwa ba ta hawa keke."

"Kai, kana da shi ko ba ka da shi?"

Akwai ɗaya, ja wur, na wani gajeren likitan haƙori da ya koma birni. Douwe ya hau, gwiwoyinsa suka zo daidai kunnuwansa, kamar zalɓe ya tsuguna a bakin kwano. Hidde ya yi dariya har sai da ya dafa bango.

Kwana huɗu suna fama. Aka sa sandar sirdi mafi tsawo da ake samu, aka ɗaga kan keken har sai da wayar birki ta kasa kaiwa, aka sake wata. Aka sa faffaɗan feda saboda takalmin Douwe da yake kamar kwale-kwale. Wannan duk mai sauƙi ne. Babban aikin shi ne ɓoye abin kunyar. Douwe ya sa aka shafe jan da baƙin fenti, sannan aka kankare fentin nan da can don ya yi kama da tsoho. Batirin da ke ƙarƙashin kariyar ɗora kaya da injin da ke tayar baya ya rufe su da tsofaffin jakunkunan wasiƙunsa. Ɗan allon da ke nuna ƙarfin gudu kuwa, ya zura masa tsohuwar safar hannu.

"Saura kukan injin," in ji Douwe. "Tsohuwar nan kunnenta kamar na zomo."

Hidde ya sassauta kusa ɗaya a murfin taya, murfin ya fara ƙaraf-ƙaraf. "Shi ke nan. Kwantar da hankalinka, ba yau na fara irin wannan aikin ba."

Da Douwe mai sauraro ne da ya tsaya a kan maganar nan. Ina! Hankalinsa na kan Lahadi. A gida ya ce tsohon kekensa ne ya tsage, ya samo wani tsohon. Aukje ta leƙa ta taga ta ce, "To, madalla."

Lahadi ta zo. A tafiya iska na bayansu, bai taɓa komai ba. A dawowa, da suka hau ganuwa iska ta tare su, sai ya laluba ta saman safar ya danna. Bai ga abin da yake dannawa ba, don haka ya ƙara biyu don ya tabbatar. Ya miƙa hannu ya dafa bayan matarsa, ya taka feda.

Wayyo! Keke ya zabura. Suka wuce tarakta, suka wuce wasu mata biyu da karensu, tumakin da ke kiwo a ganuwa suka watse. Hular Aukje ta tashi ta nufi teku. Shi kuwa Douwe daɗi ya cika shi fal, rabonsa da jin ƙarfi haka tun yana saurayi.

"Tsaya! Douwe, tsaya, za ka kashe ni!"

Suka ja birki. Aukje ta sauka tana haki, ta zo ta ɗaga jakar wasiƙu ta leƙa. Ta girgiza murfin taya, ya yi ƙaraf-ƙaraf.

"Aikin Hidde ne," ta ce. "Ko dabarar bai sake ba."

Ta koma wurin nata keken, ta ɗaga jakarta mai zanen furanni. Ga batir nan zaune abinsa. Murfin tayarta da Douwe ya sha cewa zai ɗaure mata, shi ma ta girgiza shi.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Shekara uku. Ai ka daɗe da daina tura ni, Dogo. Madaurin rigata kake riƙewa, ni kuma in ja. Sau huɗu ina sake ɗinke shi."

Douwe ya dubi tafin hannunsa. Kunya ta kama shi tun daga kai har ƙafa, kuma hanyar da nisa.

"Wa da wa suka sani?"

"Ka ce wa bai sani ba. Kai kaɗai ne."

Suka hau suka ci gaba a hankali. Ya riƙe kan kekensa da hannu biyu, ido a kan hanya. Ba su yi nisa ba Aukje ta waiwayo.

"Ina hannun?"

"Me zai yi miki? Ba ga batir ba?"

"Batir ba ya ɗumama baya. Mayar da shi inda yake, tsoho."

Ya mayar. Bai tura ba, bai riƙe madauri ba, ya dafa kawai.

A bakin gari suka ci karo da tsoho Sietse mai gidan burodi, wanda ya fi kowa shan gorin Douwe. Ya dubi jakunkunan wasiƙu, ya dubi safar da iska ta zame daga kan allo, ga lambobi suna haske. Ya cika ƙirjinsa da iska.

"Dogo! Sannu da hutawa!"

Douwe ya saba ɗaga hannu in an gaishe shi. Yau hannun na da aiki, sai ya gyaɗa kai.

"Yauwa," ya ce.