Shawarar Gidan Maigari

Ban taɓa mantawa da ranar da kalma guda ta sa muka bar marar lafiya kwana uku a kwance ba. A shekarun saba'in ne, bayan babban fari, ina anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, a wani ƙaramin asibitin karkara a yankin Magariya. Mu biyu ne: ni da majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na wurin.

Ranar wata Litinin mai amalanke ya kawo saƙon baka daga wani ƙauye wajen Yekuwa: "Maigari ya ce a zo, akwai shawara a gidansa." Majo bai ɗaga kai daga rubutunsa ba. Ya ce, "Maganar rijiyar nan ce. Ka je ran Alhamis, ka sa tufa mai kyau." Ban tambaya ba, shi ma bai tambaya ba. Na tafi da littafi da alƙalami, na bar akwatin aiki.

Da na isa ban ga dattawa a zaure ba. Aka wuce da ni cikin gida, wurin Ilu, ƙanen maigari. Idonsa rawaya, fitsarinsa kamar shayin da ya daɗe a wuta, ba ya iya riƙe abinci. Ashe ciwon shawara ake nufi. A gefensa wanzami, Baba Tanko, ya gama yi masa tsaga a ciki, kuma mutanen gida su shida sun jeru, har da matar Ilu mai juna biyu, za a tsaga musu da aska guda don kada ciwon ya kama su.

Ga abin da muka sani a lokacin. Shawara alama ce cewa hanta ta kumbura. Akwai irin da ake ɗauka a ruwa da abinci. Akwai na jini, wanda ake kira nau'in B, mai bin aska da allura, da tsakanin miji da mata, da uwa zuwa jariri. Gwajinsa sai babban birni, rigakafi kuwa babu. Ilu ya sha ƙaho wata uku kafin nan, don haka na jini na zarga.

Na ce, "Baba, don Allah ajiye askar nan."

Ya ce, "Ɗana, da ita na yi wa ubanka aski, in ba ka sani ba."

"Ubana mutumin Dungas ne."

"To, da 'yar'uwarta."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce jinin Ilu yana jikin askar, duk wanda ta tsaga ta ba shi ciwon ne, ba kariya ba. In ma aski za a yi, sai ta tafasa minti ashirin, kamar alluranmu. Baba Tanko ya ce askarsa ba nama ba ce da za ta shiga tukunya.

Maigari ya dube ni sama da ƙasa. "Malam likita, kwana uku muna jira. Ina allurar?"

"Ranka ya daɗe, ko da na zo da akwatin, babu allurar wannan ciwo. Ya huta, ya sha ruwa da kunu, a daina ɗura masa jiƙo, hantar ta gaji. In ya fara sambatu ko amai da jini, a ɗora shi a amalanke nan take."

"To me ka kawo mana ke nan?"

Haushi ya kai mini wuya. Na ce, "Shawara kuka aiko a kanta, shawara na kawo."

Sai ya fashe da dariya har da buga ƙafa. Matar Ilu ce ta fara fita daga layi. Ta miƙa hannu ga wanzami: "Baba, kawo ta, ruwana na kan murhu." Ba a ƙara tsaga wa kowa ba ranar.

Ilu ya tashi bayan wata biyu. Na gaya musu wasu kan warke amma ciwon na ɓoye a jininsu, don haka aka ware masa askarsa. Da na ba majo rahoto, abin da ya ce kawai, "Rijiyar fa?"

Ku matasa yanzu kuna da gwaji da rigakafi, ku gode Allah. Amma mutanenmu sukan aiko saƙo a taƙaice, suna zaton ka san gidansu. Daga ranar, duk wanda ya ce mini akwai shawara, kafin in nemi takalmina sai na tambaye shi: "Ta zaure ko ta ido?"