Jakunkuna Uku Zuwa Jajaye

Ana idar da sallar asuba na bar gida, ƙarfe biyar da rabi, da jakunkunan bakko uku. Yayyena ne suka wakilta ni in je Jajaye in taho da Gwaggo Hanne, ƙanwar babanmu, a yi mata aikin ido a Kano. Yanar ido ta rufe mata ɗaya, ta fara taɓa na biyun. Sau biyu ana aika mata tana cewa ba inda za ta. Ni kuwa na ce a bar ni da ita, babu tsohuwar da za ta ga atamfa da kuloli ta yi gardama.

Kano zuwa Karaye

Kwandastan bas ya dubi kayana ya ce, "Hajiya, jere za a yi?" Ban kula shi ba. Sau biyu muka tsaya a shinge, a na biyun ɗan sanda ya zuge jaka ɗaya ya ci karo da dutsen guga, ya dube ni, ya mayar. Takwas da kwata muka sauka a Karaye. Na karya da ƙosai da koko a gidan ƙawata Binta, wadda muka yi koyarwa tare. Ita ta tuna mini cewa gidan Gwaggo ko wayar lantarki babu. Na bar jakar dutsen guga da butar shayi ta lantarki a bayan ƙofarta, raina a ɓace.

Rogo

Goma da rabi muna Rogo, an kwana ana ruwa. Mai babur ya ce, "Hajiya, hanya ta jiƙe. Ko ke, ko wannan babbar." Na zaɓi kaina. Jakar kuloli ta zauna a shagon wata mai ɗinki. A wani rafi kuma ta ukun ta zame ta sha ruwa, sukari da omo suka narke a cikin atamfofin.

Jajaye

Da azahar na yi sallama, taɓo har gwiwa, daga ni sai jakar hannu da wannan jiƙaƙƙiyar. Gwaggo ta gane muryata.

"Lale marhabin da 'yar birni! Ina kayan? An ce ke ko unguwa sai da akwati."

Na fara ba da haƙuri, ta yi dariya har da tari, ta miƙo mini zaninta. Tana da uku, ta ce, ɗaya ma ya yi mata yawa.

Kwana uku na yi da wannan zanin. Ɗakinta gado ne, tabarma, randa da ƙwarya huɗu a jere. Muka ci tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, muka gasa sabuwar masara, maƙwabta suna shigowa ana ɓarar gyaɗa ana tsokanata. Rabon da in yi dariya haka na manta. Ban nemi komai na rasa ba, kuma abin ya ba ni kunya ƙwarai.

Maganar ido ban iya tayar da ita ba, tunda makamaina sun watse a hanya. Ran na uku ita ta ce, "Waɗancan da aka aiko sun zo a tsaye, ko ruwana ba su sha ba, suna ta kallon rufin ɗakina suna tausaya mini. Ke kin ɗaura zanina, kin suɗe kwano. Gobe mu tafi." Hawaye suka zubo mini.

Shirinta bai kai minti biyar ba. Zani, carbi, buta, kwalbar man shanu, ta ƙulle a ɗankwali. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne bar wa maƙwabciya amanar awaki.

Komawa

Mun taso bakwai na safe, muka kwashi jakunkuna a Rogo da Karaye, la'asar muna Kano lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah, sannan ga Binta da mai ɗinkin da ko sunana ba ta tambaya ba.

Bayan sati aka yi aikin. Ranar da aka cire auduga na kai ta ɗakina, ina jiran yabo. Ta bi akwatuna da kallo har sama, ta dubi kwabar tangaran, ta juyo.

"Alhamdu lillahi, ina gani sarai. 'Yar nan, a ina kike shimfiɗa darduma?"

Na nuna mata ɗan lungun da ke tsakanin gado da ƙofa.