Matsar Hannun Kawu

'Yata mai karatun likita ta zo hutu, take ba ni labari wai akwai masu sa wa ɓera ciwon zuciya, suna auna ƙarfin riƙonsa, don su gano abin da ke cinye naman jikin masu ciwon. Na fara dariya, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

A da manomi ne a Kakangi, tafin hannunsa kamar dutsen niƙa. In kuka gaisa sai ya matse ka har ka tuna sunan kakan kakanka.

Da zuciyarsa ta gaza, ƙafafu suka kumbura, damatsa suka zube. Na je duba shi, ɗakin na warin man zafi, yana jingine yana haki. Ya kama hannuna ya matsa, ban ji komai ba sai sanyin tafinsa. Na kurma ihu, "Wayyo Kawu, ka karya ni!"

Ya ce, "Ɗan nema, ƙarya kake. Amma sake yi."

Na sake. Iyakar abin da na iya yi masa ke nan.

Allah ya jiƙan Kawu, ya miƙa masa littafinsa a hannun dama, ya ba shi ƙarfin riƙewa.