Bangon da Na Shafe wa Malam Maccido

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, 12 ga Janairu, 2025, ina tsakiyar kara a Illela, ina kuranta wani bijimi da na san gurgu ne, aka raɗa mini cewa Allah Ya karɓi ranka, Malam Maccido. Sai na saki igiyar.

Mutane za su faɗi shekarunka talatin kana karantarwa a firamare, da mazarƙwailar da ba ta rabuwa da aljihunka saboda masu tari. Duk gaskiya ne. Ni Boyi dillali abin da ya hana ni sukuni daban ne.

Tun da aka gina mana tankin ruwa a unguwa, duk ranar da famfo bai kawo ba sai ka ja layi ɗaya da gawayi a bangonsa. Muna yi maka dariya. Layukan sun haura ɗari biyu lokacin da aka ce masu duba aiki za su zo daga Sakkwato su ga ko ruwan yana amfanar jama'a.

Ni na kawo shawarar kada gari ya ji kunya gaban baƙi. Na sa 'yan garuwa suka cika tankin, na shafe bangon da farar ƙasa, na jera mata da bokitai. Kai kuwa na tura ka garin Kalmalo sasanta wata rigima da babu ita. Baƙi suka murɗa famfo, suka ɗauki hoto, suka rubuta cewa lafiya lau. Aka cire mu daga jerin gyara.

Da ka dawo ka daɗe kana kallon bangon. Ka ce, "Boyi, aiki ya yi kyau. To gobe mi za su sha?" Ba ka ƙara tayar da maganar ba, ba ka kuma fasa amsa gaisuwata ba. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ruwan wankan gawarka, Malam, a bayan jaki aka ɗauko shi daga nesa. Ina tsaye.

An ce baƙin za su dawo bayan azumi. Zan gaya musu da bakina, ko da dattawan unguwa za su daina ba ni hannu. Na kuma sayi gawayi. Yau layi tara na ja a bangon.

Allah Ya gafarta maka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Ku iyalinsa, Inna Lubabatu, Faruk, Raliya, Allah Ya ba ku haƙuri. In da hali, ku yafe mini a madadinsa.