Baba Hanci, Mai Busar da Cikin Mota

Kafin mai faci ya tayar da injin iskarsa, Baba Hanci ya riga ya ɗaure igiya a bayan wurin wankin mota, ya jera fankoki uku, ya cire takalmi. Mota na tsayawa zai zura kai ta taga ya shaƙa sau ɗaya.

"Kwana biyu ruwan nan ya yi a ciki. Ƙarya nake?"

Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa ce masa ƙarya yake ba. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun gaji da durƙuso. Kafin ya tafi, ga abin da mai faci da mai aski suka gani da idonsu.

Wata safiya, shekara takwas da suka wuce, wani direba ya shigo a guje, kujeru na ɗigar ruwa. Ya manta gilasai a sauke, aka kwana biyu ana tafka ruwa. Motar uwar ɗakinsa ce, mace mai ciwon asma, wadda ta riga ta kori direbobi biyu kan abin da bai kai wannan ba. Gobe da yamma za ta dawo daga tafiya, shi zai ɗauko ta.

"Baba, ka rufa min asiri. Goge sama-sama kawai, a fesa turare. 'Ya'yana huɗu!"

"Turare a kan danshi? Ɗana, ka taɓa ganin an shafa hoda a kan gyambo ya warke?"

Ya kwance kujeru, ya ɗaga kafet, ya zaro soson ƙasa ya matse, sai da bokiti ya cika. Ya busar da wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Fankoki suka yi kaɗan, ya aika aka ciro fankar mai aski, mai aski ya biyo ta yana mita.

Washegari da rana aka mayar da komai. Direba ya shafa kujera, ya ji ta bushe ƙayau, ya miƙa hannu zai karɓi makulli. Baba ya hana. Ya rufe ƙofofi, ya bar motar cikin rana. Can sai gilashi ya fara gumi daga ciki.

"Ba ta bushe ba."

"Wa zai sani, Baba?"

"Ƙirjinta zai sani, nan da sati guda, in funfuna ta tashi. Kira ta."

Direba ya kira uwar ɗakinsa, ya faɗi gaskiya. Mai faci ya rantse daga rumfarsa yake jin faɗan. Baba ya karɓi wayar.

"Ranki ya daɗe, da ya so, da yanzu yana hanya da mota mai ƙamshi. Ya kira ki. Ki ba ni kwana biyu."



"In na ji wari," in ji ta, "ku biyun zan kora."

"To ai ni ba ki ɗauke ni ba tukuna."

Dariya ta ƙwace mata har da tari. Shekara takwas ke nan, direban nan yana nan yana tuƙa ta.

Baba, kai ne mai aikin da ido ba ya gani. Ƙarƙashin kafet babu mai leƙawa ya yaba maka, amma nan ka fi daɗewa a durƙushe. Mun gode. Allah ya huta da gwiwoyin nan, ya sa ka ci moriyar guminka cikin jikoki.

Mu kuwa da muka rage, kowa da sana'arsa, kowa da inda ba a dubawa. Gobe in ka zo wurin, kada ka tsallake.