Farin Ƙyallen Mu'azu Kabo

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 14 ga Afrilu, 1977, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Mu'azu Kabo, makaniken Gyaɗi-Gyaɗi. Ya bar garejinsa zai je salla, ciwon ƙirji ya kama shi a hanya.

Mu'azu, ni ne Isyaku Soja na Tarauni, wanda ya baro ƙafarsa ta hagu a yaƙin basasa. Ba ni da abin taka kuloc, shi ya sa na sayi tsohuwar mota atomatik, mai canza giya da kanta. Ita ce ƙafata. Makanikai da yawa sun ga motar nan sun ce in kai kasuwa. Kai kaɗai ka ce, "Abin da mutum ya ɗaura, mutum zai kwance."

A makon da ka rasu motar ta daina ja. Ka sauke giyabos, wato akwatin giya, ka ce famfon man giya ne ya gaji. Na zauna a benci ina kallonka. Ka shimfiɗa farin ƙyallen nan naka, duk abin da ka ciro sai ka wanke shi da kananzir ka jera daga dama zuwa hagu, kamar rubutun allo: notuna, murfi, sai haƙoran ƙarfe biyu na famfon, da ɗaya ke juyawa cikin ɗaya. Kowane haƙori sai ka ɗiga masa fenti a fuskar da ke kallon sama. Ni da gajen haƙuri na ce wannan ai aikin hawainiya ne. Ko kai ba ka ɗaga ba, ka ce, "Soja, mai kwancewa ba lalle ne shi zai ɗaura ba."

Da muka dawo daga maƙabarta, ba zan ɓoye ba, bayan kukan rashinka na yi kukan kaina. Na ga na koma zaman ƙofar gida, sai wanda ya ga dama ya ɗauke ni.

Maƙwabcinka Ɗan'azumi, wanda gyaran Fijo kawai ya sani, shi ya buɗe garejin bayan sadakar uku. Ya daɗe tsaye a kan ƙyallen. Sai ya yi bisimilla, ya faro daga hagu yana komawa dama, yana bin ɗigon fentinka. Sabuwar robar hana yoyon mai da ka tanada ma tana nan a gurbinta. Ko noti ɗaya bai yi saura ba. Na sa giya, motar ta ja.

Ina alfahari da na san ka, Mu'azu. A ƙasa ba mu rasa gwanaye ba, amma gwanin da ke aiki yana tuna wanda zai zo bayansa, ba kullum ake samunsa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Inna Kubura, da maiɗakinka Huraira da yara. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka, amin.

Ranar sadakar bakwai ni na mayar da Inna Kubura gida Kabo. Ni na tuƙa.